Ga masu shirin zuwa Guangzhou sarin kaya: a ina za ku sauka?

Malam Edita, assalamu alaikum. Ina roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu na wannan jarida mai albarka, in yi magana da 'yan'uwana 'yan kasuwar Kano, musamman yaranmu da suka fara fita Chaina sarin kaya da kansu. Takalma da jakunkuna nake sayarwa a Ƙofar Wambai, kuma tun da ƙasar ta sake buɗe ƙofarta a 2023 bayan kullen korona, da wuya mako ya wuce wani bai zauna a bencin shagona yana neman shawara ba. Tambayoyin kusan iri ɗaya ne: yaya ake samun biza, nawa ne kuɗin jirgi, nawa ake canji a Wapa, nawa masu kago, wato masu jigilar kaya zuwa gida, suke karɓa a kilo. Maganar wurin kwana kuwa sai ni na tayar da ita. In na tambaya, wannan ya ce ejan zai kama masa ɗaki, wancan ya ce ya ga wani otal mai araha a waya, an rubuta a tsakiyar gari yake. Waɗannan amsoshi biyu su suka sa na ɗauki biro.

Guangzhou gari ne na mutum sama da miliyan 18. Abin da manhajojin kama ɗaki suke nunawa a matsayin tsakiyarsa shi ne yankin Tianhe da Zhujiang New Town, inda bankuna da dogayen benaye suke, ana hango hasumiyar Canton a tsallaken kogi. Wuri ne mai kyau, wanda ya je ya yi hoto ya turo gida ba laifi. Amma mai sarin takalmi ba shi da abin yi a can. Kamar baƙo ne ya zo sayen gero a Dawanau, ya kama ɗaki a Nasarawa GRA don an ce masa nan ne cikin gari: kullum sai ya keta Kano da safe, ya sake keta ta da yamma, kuɗin mota ya cinye rangwamen da ya samu a buhu.

Saboda haka kafin mutum ya duba farashin ɗaki, ya fara tambayar kansa me zai saro. Mu masu takalma harkarmu tana kewayen tsohuwar tashar jirgin ƙasa ta Guangzhou, a titin Zhanxi, inda manyan kasuwannin takalma da na agogo suke, ga kasuwar tufafi ta Baima nan kusa. Jakunkuna da kayan fata suna Sanyuanli da Guihuagang, tasha ɗaya tak daga nan. Kayan sawa irin waɗanda ake ɗinkawa don kasuwar Afirka suna titin Guangyuan Xi, wajen kasuwar Canaan, inda 'yan'uwanmu Ibo suka fi yawa. Mai neman yadi ya nufi Zhongda, a kudancin kogi, kusa da jami'ar Sun Yat-sen. Kayan wasan yara da kayan ƙyale-ƙyale suna titin Yide. Su kuwa mutanen Ƙofar Ruwa masu tayil da kayan banɗaki, da masu kujeru da gadaje, harkarsu ma ba a Guangzhou take ba, a Foshan take, kasuwar kayan ɗaki ta Lecong tana can. Yaran Farm Centre da Beirut masu waya da caja, kasuwar Huaqiangbei ta birnin Shenzhen ce tasu. Na sha ganin mai sarin tayil ya sauka a Xiaobei, unguwar Guangzhou da 'yan kasuwar Afirka suka saba sauka, don kawai abokinsa mai takalma can ya sauka, yana kwashe awanni a hanya kullum, ya isa masana'anta a gajiye ya kasa tsayawa ya yi ciniki yadda ya kamata.

Ga mai harka irin tamu, inda ya kamata ya nema shi ne tsakanin tashoshi uku na jirgin ƙarƙashin ƙasa: Sanyuanli, tashar jirgin ƙasa, da Xiaobei. Layi na 2 ya haɗa biyun farko, layi na 5 ya haɗa tashar jirgin ƙasa da Xiaobei, tasha ɗaya ce tsakaninsu. Daga filin jirgin sama na Baiyun mutum zai hau layi na 3, ya canza zuwa na 2 a Jiahewanggang, ya sauka a ƙofar unguwarsa. Kuɗin shiga yana farawa daga yuan 2. Ni abin da nake dubawa ke nan: in ba zan iya takawa da ƙafa daga ƙofar otal zuwa bakin tasha cikin minti goma ba, na bar shi, ko nawa aka rage mini. A duba taswira da kyau, domin wani otal ɗin zai rubuta sunan tasha a cikin sunansa alhali akwai gadar sama da babban titi a tsakani, kuma tituna irin su Huanshi ba a tsallake su yadda muke tsallake titin IBB, sai ka zagaya ka nemi gada.

A kuma sani cewa jirgin nan mutum yake ɗauka, ba ya ɗaukar kaya. Kowace jaka sai ta bi ta na'urar bincike a bakin tasha, manyan ƙunshi kuma ba sa shiga. Yana kuma tashi daga aiki wajen sha ɗaya zuwa sha biyun dare, don haka wanda jirgin samansa ya sauka cikin dare tasi zai nema. Shi ya sa tambaya ta biyu ita ce ina siton mai kagonka yake. Babban kaya dai mai shago ne zai kai sito da kansa, kai rasit kawai za ka riƙe. Amma samfur, da 'yan dozin-dozin da ake tsinta nan da can, da tsarabar gida, duk a ɗaki suke taruwa, kuma ranar ƙarshe sai an kwashe su. Ɗakin da ke hawa na biyar ba lifta, ko wanda yake cikin lungun da mota ba ta shiga, ranar nan zai nuna maka halinsa.

Yanzu ga babbar maganar, wadda ita ce asalin abin da ya sa na rubuto. Dokar shige da fice ta ƙasar, wadda ta fara aiki ranar 1 ga Yuli, 2013, ta wajabta wa kowane baƙo a yi masa rajistar wurin kwana. In a otal ka sauka, su ne za su ɗauki hoton fasfonka da bizarka su aika wa 'yan sanda. In kuwa a gidan wani ka sauka, kai ko mai gidan sai kun je ofishin 'yan sandan unguwa cikin awa 24. Wanda bai yi ba ana iya cin tararsa har yuan 2,000. Wanda ya bari bizarsa ta ƙare kuwa yuan 500 ne a kowace rana, har zuwa yuan 10,000, ko a tsare shi kwana 5 zuwa 15. Tarar ma ba ita ce abin tsoro ba kamar tabon da za ta bari, domin ranar da ka koma neman wata bizar, komai yana cikin kwamfutarsu.

To, mafi yawan ɗakunan nan masu arahar banza da ejan-ejan suke kai yaranmu, ba otal ba ne. Gida ne wani ya kama haya a bene, ya zuba katifu, ya tara mutum biyar ko shida a ɗaki, kowa yana biya a kwana. Ba mai tambayarka fasfo, sai yaro ya ɗauka sauƙi aka yi masa, alhali nan ne haɗarin yake. A Xiaobei da Sanyuanli 'yan sanda suna tsayar da baƙi a titi su duba takardu, suna kuma ƙwanƙwasa ƙofofin gidajen haya. Ka taso daga Kano da jarin da ka shekara kana tarawa, wataƙila har da na amanar maƙwabta, ka je ka kwanta cikin mutanen da ba ka san ko sunan ubansu ba, ba rajista, ba akwatin ajiya, ba makulli naka kai kaɗai. In wani abu ya ɓata, wa za ka kai ƙara, kuma da wane baki, kai da zamanka a gidan ma ya saɓa doka? Araha dai ba ta ado.

Ba wai ina cewa duk ejan macuci ba ne. Akwai yaranmu da suka yi karatu a can, suna jin yaren kamar 'yan gari, suna riƙe amana, kuma sabon zuwa ba zai iya komai ba sai da su. Amma ejan yana da kamasho a inda ya kai ka, wannan ba ɓoyayyen abu ba ne, sana'arsa ce. Ka ce ya turo maka sunan otal da adireshinsa da rubutun Chaina tun kana gida, ka duba da kanka a Trip.com ko wata manhaja irinta, ka ga farashin da kowa yake biya. Mai gaskiya ba zai ji haushin wannan ba.

Akwai kuma ɗaya gefen: otal na gaske, mai rajista, amma ya ƙi karɓar baƙon waje. Na gani da idona a wani ƙaramin otal da ke bayan tashar jirgin ƙasa. Wani yaro ɗan Sabon Gari ne, mun shigo jirgi ɗaya ta Addis Ababa, ya riga ya biya ta waya tun yana Kano. Ya ajiye koren fasfo a kan tebur, yarinyar da ke karɓar baƙi ta buɗe, ta juya shi, ta rufe, ta turo masa da yatsa biyu tana kaɗa hannu. Ta buga wani abu a wayarta ta juyo masa da fuskar wayar, fassarar ta fito cewa ba sa karɓar 'yan ƙasar waje. Ƙarfe ɗayan dare, ruwa ake yi, wayarsa ba layi, ga trolli biyu. Sai da muka ja shi zuwa inda muka sauka aka samo masa ɗaki, kuɗinsa na farko kuwa sai daga baya ya dawo. A watan Mayun 2024 hukumomin ƙasar, da ma'aikatar tsaron cikin gida da ta kasuwanci da hukumar shige da fice, sun fito sun ce bai halatta otal ya kori baƙo da hujjar ba shi da izinin karɓar 'yan waje ba, kuma cikin waɗanda ƙorafinsu ya jawo wannan sanarwa har da 'yan Najeriya. An samu sauƙi tun daga lokacin, amma ma'aikacin dare da bai taɓa shigar da fasfo a kwamfuta ba ba ruwansa da sanarwa, shi dai ya rabu da kai. Don haka a karanta bayanin otal a ga an rubuta yana karɓar baƙi daga kowace ƙasa, a duba ko akwai baƙin waje cikin masu sharhi a kansa, in da hali a aika musu saƙo su tabbatar a rubuce. A kuma zaɓi ɗakin da ake iya fasawa a mayar da kuɗi, ko da ya ɗara da 'yan yuan.

Waɗanda suka daɗe a harkar ba su manta da Afrilun 2020 ba, lokacin da aka riƙa fitar da 'yan Afirka daga otal-otal da gidajen haya a garin da sunan korona, har shugaban majalisar wakilai na lokacin, Femi Gbajabiamila, ya zauna da jakadan Chaina a Abuja kan maganar. Abin ya wuce, amma ya isa ya sa kowa ya riƙe takardunsa cif, ya kuma ajiye lambar ƙaramin ofishin jakadancin Najeriya da ke Guangzhou a wayarsa.

Ni dai ra'ayina, ga sabon zuwa mai ƙaramin jari, gara ya nemi otal-otal ɗin nan masu rassa da yawa, irin su Hanting, Home Inn, 7 Days da Jinjiang Inn, ko kuwa tsofaffin otal ɗin Xiaobei da suka saba da 'yan kasuwar Afirka da Larabawa. Ba su da ƙawa, gado ne da banɗaki da na'urar sanyaya ɗaki, amma farashi a rubuce yake, kuma akwai rasit. In ku biyu ne kuka yarda da juna, ku kama ɗaki mai gado biyu ku raba kuɗin, kowa a yi masa rajista da fasfonsa. Wannan ya fi katifar gidan haya sau dubu, kuma in aka yi lissafi bambancin bai kai yadda ake zato ba. Wanda zai yi kwanaki da yawa ya biya dare biyu tukuna, in wurin ya yi masa ya sauko ya nemi ragi a kan sauran. Da yawansu suna yi, musamman lokacin da ba cikowa.

A kula da abu guda a manhaja: ɗaki mafi araha a jerin sau da yawa ba shi da taga, kuma suna rubutawa da ƙananan haruffa. Garin yana da zafi da danshi, wajen watan Maris har bango yake gumi, daga Afrilu kuma ruwa ya sauko. Ɗaki mara taga a irin wannan yanayi, ka wanke singileti kwana biyu bai bushe ba, ga warin tabar wanda ya kwana kafin kai, kuma mu masu kayan fata mun san abin da danshi yake yi wa samfur. Ga bambancin awa 7 tsakaninmu da su, jiki bai gama sanin dare da rana ba, in babu hasken waje sai mutum ya farka ya tarar azahar ta yi. Kafin ka ajiye jaka ka ce a nuna maka ɗakin, ka shaƙi iskarsa, ka kunna ruwan zafi, ka gwada makulli. Wasu za su karɓi kuɗin ajiya ban da na ɗaki, ka karɓi takardarsa ka adana, da ita za a mayar maka ranar fita. Ana shiga ɗaki wajen ƙarfe biyun rana, a fita sha biyu.

Sai maganar addini da ciki, waɗanda su ma kuɗi ne. Kada a ƙara ko kwabo don an ce da karin kumallo, domin a ƙananan otal naman alade da mansa suna cikin kusan komai, ƙarshenta dafaffen ƙwai kawai za ka ɗauka. Wannan shi ne babban abin da Xiaobei ta fi sauran unguwanni da shi: kewayen benen Tianxiu da lungunan Dengfeng cike suke da gidajen abincin Musulmi, na 'yan Xinjiang masu gasasshen nama da gurasa, da masu taliyar Lanzhou, da na Larabawa da Turkawa. Alamar halal tana jikin ƙofa, galibi da koren rubutu. Wanda ya sauka can bayan gari saboda araha sai ya hau mota kafin ya ci abin da zuciyarsa ta natsu da shi, ko ya ƙare a biskit da garin kwaki. Ranar Juma'a kuma masallacin Xianxian yana kusa da tashar Yuexiu Park a layi na 2, a nan mafi yawan baƙi suke salla, za ka ga taro har cikin lambu, ana sayar da abinci a bakin hanya bayan an sallame. Mutanen garin suna jingina kabarin da ke wurin ga sahabi Sa'adu bin Abi Waƙƙas, mu kuwa malamanmu sun karantar da mu cewa a Baƙi'a ta Madina yake kwance, Allah Ya ƙara masa yarda. Akwai kuma tsohon masallacin Huaisheng mai farar hasumiya a titin Guangta, wanda ya cancanci ziyara. A tafi da buta ƙarama da darduma a cikin jaka, ba za a tarar da su a ɗaki ba. A kuma tuna cewa alƙibla a can yamma take, ta ɗan karkata arewa. Na taɓa shiga ɗakin wani dattijo na tarar ya kalli mafitar rana ya tayar da kabbara, sabon da ya yi a gida ya bi shi.

Lokacin tafiya shi ma yana canza komai. Baje kolin Canton, wanda ake yi tun 1957, sau biyu yake ci a shekara a Pazhou: daga 15 ga Afrilu zuwa 5 ga Mayu, da 15 ga Oktoba zuwa 4 ga Nuwamba, kowanne kashi uku. A waɗannan makonni kuɗin ɗaki yana ninkawa, wani wurin fiye da ninki, har a unguwannin da ba su da alaƙa da baje kolin. Wanda dozin-dozin zai saro a kasuwa, ba odar kwantena zai bayar a masana'anta ba, ban ga abin da zai kai shi a wannan lokaci ba. Wanda kuwa baje kolin ne ya kai shi, kada ya nemi ɗaki a Pazhou, can sai manyan alhazai. Ya nemi masauki a kan layi na 2, in zai je baje kolin ya canza zuwa na 8 a Changgang. Takalma da jaka da tufafi a kashi na uku suke, don haka mai irin kayanmu ba shi da dalilin biyan kuɗin ɗaki tun daga 15 ga wata. Akwai kuma lokacin da ɗaki yake araha amma tafiyar asara ce: bikin sabuwar shekararsu, tsakanin ƙarshen Janairu da tsakiyar Fabrairu, kasuwanni da masana'antu a rufe suke na makonni. Makon farko na Oktoba ma hutu ne.

Kafin a bar Kano a sauke WeChat, manhajar aika saƙo da biyan kuɗi, da Alipay ta biyan kuɗi a waya, a haɗa su da katin dala in akwai, domin intanet ɗin otal ba ya buɗe WhatsApp ko Facebook ko Google, kuma kusan komai da waya ake biya. Da an isa, a ɗauki ɗan katin otal da ke kan teburin karɓar baƙi a sa a aljihu tare da fasfo. Direban tasi ba zai gane sunan otal daga bakinka ba ko sau goma ka maimaita, amma yana ganin rubutun zai kai ka.

Malam Edita, kirana na ƙarshe ga shugabannin ƙungiyoyinmu ne, na Kwari da Sabon Gari da Wambai da Singa, da cibiyar 'yan kasuwa ta KACCIMA. A kowace kasuwa akwai dattawan da suka shekara ashirin suna wannan hanya, kowa ya san otal ɗin da yake sauka da wanda ya daina zuwa, amma sanin yana cikin kawunansu. A zaunar da su a fitar da takarda ɗaya da Hausa: sunan otal da rubutun Chaina, tashar da ke kusa da shi, kasuwar da ya dace da ita, da ko yana yi wa baƙo rajista. A riƙa sabunta ta duk bayan wata shida, a liƙa a ofishin ƙungiya, a kuma tura a zaurukan WhatsApp. In ƙungiya ta nuna wa otal cewa za ta riƙa turo masa mutane duk wata, ba abin da zai hana ya yi mana farashi na musamman. Ni a shirye nake in ba da sunayen da na sani a ɓangaren takalma da jaka, duk ranar da shugabanni suka kira zama.

Na gode da wannan fili. Allah Ya ƙara wa jarida ɗaukaka.

Naku, wani mai sayar da takalma, Kasuwar Ƙofar Wambai, Kano.